Ƙididdigar da Madam Nagwa Ta Kashe

Madam Nagwa ta sake danna maɓallin, ta zuba wa allon ido. Daƙiƙa arba'in, hamsin, sunan majinyaci guda ya ƙi fitowa. Shekara goma sha tara tana kula da rumbun bayanan wannan asibiti na Iskandariyya, bai taɓa yi mata taurin kai irin na yau ba. A ƙasa kuwa, masu jiran wankin ƙoda sun yi layi har bakin titi, don ba a ɗora kowa a kan na'ura sai an buɗe fayil ɗinsa.

Girgis yana tsaye a bayanta. Shi ya rubuta sabuwar manhajar da aka ɗora jiya, bawan Allah, ga matarsa da cikin wata takwas.

Shugaban asibitin, Dakta Shawki, ya leƙo. "Zuwa azahar. In abin nan bai tashi ba, mai manhaja ya kwashe kayansa." Ya ja ƙofa.

"Madam, na gwada neman sunan nan sau ɗari a kwamfutata," in ji Girgis. "Kamar walƙiya yake fitowa."

"Kwamfutarka mai majinyata goma? Ku yaran zamani, kowa gwani ne a ɗakinsa. Matsa, kana tare mini iska."

Ta ƙara wa jadawalin majinyata fihirisa, irin wadda ke kai rumbu kai tsaye ga sunan da ake nema. Ko gezau. Ta kashe babbar kwamfutar rumbun ta kunna. Haka dai. Wayar tebur ta yi ƙara: wata tsohuwa ta faɗi a layi. Nagwa ta shiga salati ƙasa-ƙasa.

Sai ta buɗe taswirar hanyar da rumbun yake bi in an tambaye shi. Nan ta ga abin. Wai a zatonsa majinyata ɗari uku ne a jadawalin, shi ya sa ya yi watsi da fihirisar yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Alhali makon jiya aka juye masa fayilolin rassa uku, layi miliyan huɗu. Ƙididdigarsa ta yawan layukan ce ta tsufa. To ai ƙididdigar sabunta kanta take yi, sai in wani ya kashe ta.

Ta duba tarihin saituna. Shekara shida baya, wata safiya da abin ya dame ta da nauyi, aka kashe, da niyyar a mayar bayan Sallah. Ga sunan wanda ya kashe ɗin ɓaro-ɓaro: Nagwa.

Girgis ma ya gani.

Ta ba da umarnin sabuntawa. Minti goma sha ɗaya ba wanda ya zauna. Da ta danna, sunan ya fito kafin ta ɗaga yatsa.

Dakta Shawki ya shigo riƙe da takardar kora daga aiki, an riga an buga. "An ce ya tashi. Ina so in ji laifin wane ne, yau ɗin nan."

Saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Girgis ya gusa a hankali, ya tare allon da jikinsa.

"Dakta, manhajata ce ta..."

"Ɗana, kauce," in ji Nagwa. Ta juya allon ya fuskanci shugaban. "Sa tabarau, Dakta. Rubutun ƙanana ne."