Wayar da Auta Bai Liƙe Ba

Shekara talatin ina gyaran rediyo, ban taɓa jin an gode wa Allah saboda aikin banza ba sai a kan ɗana.

Auta shekararsa goma sha huɗu. Wasu mutane suka saye masa kai ta cikin wayar salula, a shagona, a kan bencina, ni kuwa ina ta yi wa maƙwabta alfahari wai yaro ya nutsu, ya daina yawon ƙwallo. Ranar wata Talata da hantsi aka kama shi a tashar mota da jaka a baya, yana ta danna maɓallin bam ɗin da ya ƙi tashi. Wayar wuta guda ce ta saki a ciki. Shi ya haɗa abin da hannunsa, da dalmar shagona.

Lauya ta same ni a ƙofar gidan da ake tsare yara.

"Baba, hanya ɗaya ce gare mu," in ji ta. "Ka shaida wa alƙali cewa yaron gwani ne, ba ya kuskuren liƙi. In an yarda da gangan ya bar wayar a sake, zai fito da sauran ƙuruciyarsa. In ba a yarda ba, sai ya yi furfura a ciki."

Wallahi ni ma abin da nake so ya zama gaskiya ke nan. Kwana tara ina lallashin zuciyata da shi.

Aka shigo da shi, an yi masa aski tas, rigar da suka ba shi ta yi masa yawa. Na jira mai gadi ya matsa bakin ƙofa.

"Auta, dube ni. Kai ka bar ta a sake, ko? Ka tuna akwai mata da yara a tashar nan."

Ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi in na kama shi ya ɓata rediyon mutane.

"Ka yi haƙuri, Baba. Sauri na yi, ban bari ƙarfen liƙin ya yi zafi ba."

Haƙuri yake ba ni a kan liƙi. Na nemi wata nadamar a fuskarsa, ban samu ba. Na ji na tsani hannuwan nan nawa da suka koya masa riƙon ƙarfe. Sau nawa na dungure masa kai a kan gaggawa? Da ya ji maganata ko sau ɗaya, da yanzu ana kan zaman makoki a gida arba'in.

Washegari na tsaya gaban alƙali, na ɗaga hannu na rantse zan faɗi gaskiya. Uwarsa tana zaune a baya, ta zuba mini ido.

"Yaya aikin yaron yake?" in ji alƙali.

Na ce ban taɓa ganin liƙinsa ya saki ba.