Allon Yaran Dareta

Kwamfutar ta ƙi tashi ranar Laraba da hantsi, kuma ba ta zaɓi wata rana ba sai wadda matan Dareta suka cika rumfar asibiti suna jiran a faɗa musu abin da aka gani a jinin 'ya'yansu. Murjanatu ta danna maɓalli sau uku. Kowane karo sai fanka ta yi ƙugi, fuskar ta yi baƙi ƙirin, wani ɗan farin rubutu ya fito yana cewa ba a ga manhajar da ke tada na'ura ba.

Murjanatu ce mai shigar da bayanai a wannan ƙaramin asibiti na bayan garin Anka, inda ake kula da yaran da gubar dalma ta kama tun lokacin da ake niƙan dutsen zinariya a tsakar gidaje. A cikin baƙin akwatin kwamfutar nan akwai sakamakon jinin yaran Dareta arba'in da uku, na wannan makon. Ranar Alhamis take kwafe komai ta adana a wani wuri, yau kuwa Laraba. 'Yan takardun da injin awo ke fitarwa kuma, zafin Anka kan shanye rubutunsu cikin kwana biyu su koma fari fat. In abin da ke cikin akwatin ya tafi, sai an sake soka wa yara allura a ɗebi jini, kuma ta san irin lallashin da aka sha kafin iyayen su yarda da na farko.

Ta taga tana hango Aisatu zaune a ƙarshen benci, da 'yarta Khairat a cinya. 'Ya'ya uku ta haifa, dalma ta ɗauke biyu a damina ɗaya. Ranar da aka ɗebi jinin Khairat, ta kama hannun Murjanatu ta ce, "Wanga shi na na ƙarshe. Jinin nata nawa na, da kullum za a riƙa ɗiba?" Murjanatu ta yi mata alkawarin ba za a sake ba, kuma ba ta saba yin alkawarin banza ba.

Ba sai an yi bincike ba, kowa ya san abin da ya faru da kwamfutar. Malami mai janareta dattijo ne mai tsoron Allah da taurin kai daidai wa daida. Shekara uku yana aikin nan, da ladan ya kira azahar yake kashe inji, wai ba za a tsaya gaban Ubangiji ƙarfe yana surutu ba. Kullum Murjanatu takan riga shi ta kashe kwamfuta. Jiya ne aka kira ta ɗakin likita, na'urar tana tsakiyar sabunta kanta, wuta ta ɗauke mata a baki.

Malami ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu. "Malama, ni na kashe ta ko?"

"Ba ta mutu ba, Baba. Suma ta yi."

Likita ya aika aka ɗauko Rabe, mai gyaran waya da kwamfuta, wanda sunansa ya kai har Gummi da Bukkuyum. Ya iso a kan babur da jakar faya-fayai, ya leƙa fuskar na'urar na ɗan ƙiftawar ido, ya yi murmushin wanda ya ga irin wannan sau ɗari.

"Fomatin za a yi mata, ƙanwata. A wanke ta tas, a zuba sabuwa. Minti arba'in kin ga ta tashi tana gudu."

"Abin da ke ciki hwa?"

"Ya tahi. Haka muka yi ma kowa, ba wanda yat taɓa kuka."

Gaskiyarsa ne, domin masu kawo masa gyara waƙoƙi da finafinai ne a cikin nasu. Har ya zaro faifai, Murjanatu ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin.

Ita 'yar Malam Mamuda ce, mai makarantar allo a zaurensa na cikin gari. Tun tana ƙarama ita ce mai riƙe ƙwaryar ruwan wanke alluna, kuma doka ɗaya ce a zauren wadda ba a taɓa karyawa ba: komai dagulewar rubutu, komai zubar tawada, ba mai sa wa allo ruwa sai mai shi ya zo gaban Malam ya biya karatunsa, an tabbatar ya shiga kai. Ta taɓa wanke na wata ɗaliba da gaggawa, kuma har yau kunnenta bai manta ba. Ta faɗa wa Rabe wannan a taƙaice, Malami yana ji daga bakin ƙofa.

"Allon yaran Dareta na wanga, Yaya Rabe. Ba a biya ba tukuna."

Rabe ya yi dariya, ya ja kujera ya zauna. "To, bari mu ga karatun ɗiyar malam."

Daga ƙasan jakarta ta ciro wani ɗan fulash, ƙaramin abin adana bayanai, ɗaure da zaren kaba, wanda ta haɗa tun tana koyon kwamfuta a Gusau, sauran ɗalibai suna yi mata tsiyar son wahala. A cikinsa akwai ƙaramar manhaja mai iya tada na'ura ita kaɗai, ba ruwanta da wadda ta lalace. Ta soka shi, ta kunna, ta yi ta danna maɓalli har na'urar ta tambaye ta daga ina za ta tashi. Ta nuna mata. Fuskar ta yi baƙi na tsawon lokacin da ya ishi Rabe ya gyara zama ya yi gyaran murya, sannan ta haskaka.

Ma'ajiyar bayanan tana nan, kuma ga sunayen ƙauyuka a jere. Ta kwashe na Dareta farko zuwa cikin fulash ɗin, ta buɗe kwafin ta ƙirga layuka da yatsa, arba'in da uku cif. Sannan ta kwashe sauran duka.

"Ba ni faifan naka," ta ce.

Rabe ya miƙa mata ba musu, yanzu kujerarsa ta matso har gwiwarsa na taɓa tebur. Da faifan ya buɗe, sai ta bar babban maɓallin zuba sabuwa wanda shi yake dannawa kullum, ta gangara can ƙasa kan wani ƙaramin rubutu mai cewa a gyara.

"Shekara shida ina aiki da faifan ga," in ji Rabe a hankali, "ban taɓa duba wurin nan ba."

Na'urar ta shiga binciken kanta, wani shuɗin layi yana rarrafe. Ya kai rabi ke nan aka kira azahar.

Murjanatu ta miƙe da sauri har kujera ta faɗi, ta zaga bayan gini ba ko takalmi. Ta tarar da Malami tsaye gaban janareta, ya riga ya yi alwala, ruwa na ɗiga daga gemunsa, hannayensa biyu a goye a baya. Injin yana ta ruri abinsa. Dattijon ya ɗaga mata kai alamar ta koma.

Da ta dawo, kwamfutar ta tashi da kanta, ga hoton gonar gero da ta sa a fuskar tun bara. Rabe ya tashi tsaye ya ba ta wuri. Wani daɗi ya cika ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka ba ta takardar shaida, ta kuma so a ce mahaifinta yana ɗakin. Ta buga sakamakon a takarda, idonta ya sauka kan layin Khairat: awon dalmar jininta, daga ɗari da goma sha biyu a farkon zuwanta, ya sauko talatin da takwas. Ba ita ke faɗa wa iyaye ba, aikin likita ne, don haka ta bi ta rumfa da takardun a ƙirji ba ta tsaya ba. Aisatu dai ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta sunkuya ta kifa goshinta a kan na 'yarta.

Murjanatu ta kashe kwamfutar yadda ya kamata, ta jira fanka ta yi shiru. Ta ɗago ta ga Malami a bakin taga, an riga an tada salla ba da shi ba, karo na farko a shekara uku.

"Malama, an biya?"

"An biya, Baba. Kashe."