Jan Bargon Nugget

"Cire masa, Merv! Ka cire masa abin nan, dafa shi kake yi da ransa!"

Glenys Rattray ta dafa wayar shingen da ya raba gonarta da ta maƙwabcinta, tana nuna ɗan kurun dokin da ke tsaye a tsakar rana cikin jan bargo mai kauri, an ɗaure shi tun daga wuya har gindin wutsiya. Gumi ya jiƙa gezarsa sharkaf. Watan Mayu ne, farkon sanyi a wannan ƙasa ta kudancin duniya, amma rana ta fito da zafinta kamar ta manta hunturu na tafe.

Merv Pybus yana zaune kan kifaffen bokiti, kofin shayi a kan gwiwarsa. Bai ko motsa ba.

"Ina kwana, Saja. Yau ma da wuri aka fara faretin?"

"Kana da ido kuwa? Dubi wuyansa."

"Ranar Anzac, ta tunawa da sojoji a ƙarshen Afrilu, ta wuce ko ba ta wuce ba?"

"Ta wuce."

"To, bargo ya hau ke nan. Sai ranar baje kolin Hobart a watan Oktoba zai sauka. Haka Lorna take yi, haka nake yi."

"Doki ba ya karanta kalanda, mai aski."

"Shi ya sa nake karanta masa."

Ta ja tsaki ta juya. Tun tana yarinya take cikin dawaki a wannan kwarin na wajen Bothwell, kuma ba ta taɓa sa wa lafiyayyen doki bargo ba. Dokin da ke kwana a fili, sanyi ne ke sa shi fitar da gashinsa, gashin ya miƙe ya riƙe ɗumi. In kana shakka, ka tura hannu a hammatarsa, ka taɓa gindin kunnensa. Hannu ne ke faɗa, ba kwanan wata ba. Kowa a kantin abincin dabbobi ya sha jin wannan daga bakinta, har da sunan da ta laƙaba wa dawakin mutane: 'yan gata masu rigar barci.

Shi kuwa Merv, rayuwarsa duka a shagon aski ya yi ta a Hobart. Da ya ajiye almakashi sai suka sayi wannan 'yar gonar, matarsa Lorna ta sayo kurun nan ta sa masa suna Nugget, tana riritarsa kamar jika. Lorna ta rasu, ta bar masa doki da doka. Glenys ba ta san wanne ya fi ba ta haushi ba a cikin biyun.

Da watan Yuni ya shigo, raɓa ta fara daskarewa kan ciyawa, sai Merv ya daina zama kan bokitinsa. Daga cikin a-kori-kura yake turo damin ingirici ya faɗa ta kan ƙofar fili, ya koma gida yana tari. Bargon ya zame gefe guda, ya kwana a karkace, ya wuni a karkace. Glenys tana hango shi duk safiya ta tagar kicin.

"Malalaci," take cewa. "Ko gyara masa ba zai iya ba."

Wata ranar Laraba wata mace ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, sanye da farin takalmin da bai taɓa sanin taɓo ba. Kerrin ce, 'yar Merv, daga Melbourne.

"Baba ne yake son ganinki, Misis Rattray. In ba damuwa."

Rabon Glenys da cikin gidan tun zaman makokin Lorna. Tsohuwar kujerar askinsa tana tsakar falo kusa da murhun itace, a kanta aka kwantar da shi, an lulluɓe shi har haɓa. Siririyar roba ta bi ta hancinsa zuwa wata na'ura da ke huci a kusurwa. Ya zabge, wuyansa ya yi tsawo.

"Kai ma bargon aka sa maka," in ji Glenys.

"Ranar Anzac ta wuce ai." Ya ɗaga ido ya ƙare wa kanta kallo. "Wa ya yi miki wannan askin, Saja? Da almakashin tumaki?"

"Me ka kira ni in ji?"

Kerrin ce ta amsa, tana murza zoben hannunta. "Maganar Nugget ce. Ni a bene nake zaune, ko tukunyar fure ba ni da wurin ajiyewa. Na yi magana da likitan dabbobi, ya ce tunda ya tsufa, in babu mai karɓa, allura ta fi masa sauƙi."

"Ta fi wa wani sauƙi dai," in ji Glenys, ba ta dube ta ba.

"Ki ɗauke shi," in ji Merv. Sai da ya huta kafin ya ƙarasa. "Amma da bargonsa."

"Zan ɗauke shi. Tsirara. A gonata babu dokin da ke sa riga."

"Lorna ta ce..."

"Lorna kyanwa ya kamata ta kiwata."

"Misis Rattray!" Kerrin ta miƙe tsaye.

Amma Merv dariya yake yi, dariyar ta rikiɗe tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Da ya lafa sai ya share bakinsa ya ce, "Ƙyale ta, 'yar Baba. Haka take gaisuwa." Ya rufe ido. "Kin ce za ki ɗauke shi. Na ji da kunnena."

Ranar Asabar da hantsi Merv ya cika, a kan kujerar, wuta na ci a murhu.

A ɗakin taro na coci bayan jana'iza, mutane sun cika baki da burodi mai ƙwai suna yabon mamaci. Trevor mai kantin abincin dabbobi ya ce shi abin da ya fi burge shi, har ƙarshe mutumin nan bai yi wasa da dokinsa ba. Duk wanda ya wuce ta hanya yana ganin kurun nan tsaf cikin bargonsa. Mata suka gyaɗa kai. Glenys ta ajiye kofinta ba ta shanye ba. Mutanen da ke duba doki ta gilashin mota, su ne yau masu ba da shaida.

Washegari ta shiga filin Merv da igiya. Tun a bakin ƙofa ta kama maɗaurin ƙirjin bargon, ya ƙi buɗuwa. Ƙarfen ya yi tsatsa ya manne. Ta ciro wuƙa daga aljihu ta yanke shi, ta janye bargon.

Wari ne ya fara bugunta. Sai haƙarƙari, a jere, ana iya lissafa su daga nesa. Gashin da ya kamata ya yi tsawo ya yi kauri ya kwanta ya lanƙwame, wani wurin ma ya zube. A kan kafaɗa, inda bargon ya karkace yana goga, fata ta ɗaye ta yi ja.

Kerrin, da ta biyo ta tana tsallake kashin doki, ta toshe baki. "Wayyo. Ni na ɗauka ƙiba gare shi. Likitan yana iya zuwa gobe kafin in tafi, in kina ganin..."

"Ki ce ya riƙe allurarsa."

"Zai rayu?"

"Yanzu da aka fitar da shi daga tanda, me zai hana?"

Ta jefa bargon bayan motarta, da niyyar ƙona shi tare da shara, ta ja Nugget zuwa gonarta. Ta wanke ciwon, ta shafa magani, ta zuba masa ingirici mai yawa, ta sake shi cikin dawakinta.

Kwanaki kaɗan aka yi cikin sanyi mai tsabta, babu iska. Sai wata la'asar iskar kudu ta taso, ta zo da ruwa a kwance, ruwan ya haɗu da ƙanƙara. Glenys ta sa rigar ruwa ta fita. Dawakinta sun juya wa iskar baya, kawuna ƙasa, gashi a miƙe. Ta tura hannu a hammatar babbar goɗiyarta: ɗumi kamar burodin safe.

Nugget yana can gefe shi kaɗai. Ruwan bai tsaya a gashinsa ba, kai tsaye ya shige fata. Cinyoyinsa suna kaɗawa. Ta taɓa gindin kunnensa, sanyi. Ta tura hannu a hammata, sanyi. Ta zare hannun, ta hura masa iska, ta goge a wando, ta sake turawa ta daɗe. Amsar ba ta sauya ba.

Ta tsaya tana kallon hanya, wadda duk mai zuwa gari sai ya bi ta gefen wannan filin.

"Mai aski," ta ce. "Wawan tsoho."

Bargon yana rumfar itace inda ta wurgar da shi bayan ta sauke shi daga mota. Ta kakkaɓe shi, ta goge jikin kurun da buhu har ya bushe, ta ninka tsohon tawul a kan ciwon, sannan ta ɗora. Inda ta yanke maɗauri sai ta ɗaure da igiyar damin ingirici, ƙulli mai sauƙin kwancewa, don gobe da safe za ta cire ta duba.

Tana cikin jan ƙullin sai a-kori-kurar Trevor ta rage gudu a bakin shinge. Ya sauke gilashi.

"Saja! Idona ne, ko rigar barci nake gani a gonarki?"

"Wuce ka ba ni wuri, Trevor."

Ya danna ham sau biyu ya tafi yana dariya.

Ba ta koma gida nan take ba. Ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta bar shi can, har kaɗawar ta ragu, har ta tsaya. Nugget ya sunkuya ya ja ingirici, shi kaɗai mai jan bargo a tsakiyar dawaki tsirara. A can ƙetaren shinge, kifaffen bokitin yana nan inda aka bar shi, ƙanƙara na taruwa a kansa.