Gwajin Ihu

Wessel Terpstra yana durƙushe a bayan na'urar yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, gwiwarsa ta hagu tana yi masa zugi, sai abokin aikinsa Hidde Koopmans ya banko ƙofa da ƙafa, kofin kofi biyu a hannunsa.

"Dattijo, har yanzu ba a gama jana'izar ba? A sama an kawo kek tun ɗazu, kai kaɗai ake jira."

"Ba a shigowa da abin sha ɗakin nan."

"Wane ɗaki? Daga kai sai ita kuka rage. Ko na tuntsurar da kofin, ƙura ce za ta sha."

Da gaskiyarsa. A da, ɗakin nan na ƙarƙashin laburaren jami'a cike yake da manyan kwamfutocin da ake kira saba, layi-layi, suna gurnani dare da rana. A cikinsu rajistar ɗalibai take, da wasiƙun malamai, da sakamakon jarrabawa. Wessel ya shigo ɗakin yana saurayi mai gashi, ga shi yau da sanƙo da tabarau. In komai yana tafiya, babu wanda ke tuna akwai mutum a ƙasa. In abu ya tsaya na ɗan lokaci, har shugaban jami'a yakan nemi sunansa, ko da yake bai taɓa faɗinsa daidai ba.

Yanzu an kwashe komai zuwa sabon gini a bayan gari. Saura na'ura ɗaya, tsohuwa, mai launin toka, sunanta Zalɓe, don marigayi Joop, wanda ya koya wa Wessel aiki, sunayen tsuntsaye yake sa wa na'urorinsa. Joop ya mutu bai gaya wa kowa abin da Zalɓe take yi ba. An tambayi kowane sashe, babu wanda ya ce tasa ce.

Masu wannan sana'a suna da abin da suke yi wa irin wannan na'ura, gwajin ihu suke ce masa. A kashe ta, a bar ta a wurinta wata guda, a kasa kunne. In wani ya kira yana kumfar baki cewa aikinsa ya tsaya, to an gano mai ita. In an ji shiru, a goge abin da ke cikinta, a kai ta bola. Su dai dabara suke kiransa. Ba dabara ba ce, hanya ce ta mutum uku da aka ɗora wa aikin mutum goma.

Yau Juma'a watan ya cika, kuma babu wanda ya yi ihu.

Annemiek, shugabar sashensu, ta faɗa masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: kujerar babban mai tsara ayyuka, a hawa na uku, ofis mai taga, tasa ce ranar da aka rufe ɗakin nan. Sau biyu ana tsallake shi a baya, kuma dalilin bai taɓa canzawa ba: wa zai riƙe musu ɗakin ƙasa? Da la'asar ɗin nan za ta sa hannu cewa an rufe ɗakin, ta tura sunansa sama. Daga nan ba sauran kwana da wayar jiran kira a gefen matashi, ba sauran tashi daga kan tebur ranar Kirsimeti da cokali a hannu. Matarsa Sietske har ta kama musu wuri a gidan abincin kifin da suka daɗe suna wucewa ta gabansa a kan keke.

Ya zare wayar wuta, ya zare ta sadarwa. Sai hannunsa ya taɓo wasu guda biyu can ƙasa, inda ƙura ta lulluɓe. Ɗaya siririya ce, irin ta tarhon da. Ɗayar kuwa ta shige wani rami a bango ta ɓace.

"Hidde, haska mini nan."

Hidde ya ajiye kofunan, ya haska da wayarsa. "Tarho? Wa take kira, kakanninta?"

Wessel bai yi dariya ba. Bayan bangon nan ginin masu binciken jini ne. Sai ya tuna wata bazara mai tsananin zafi a shekarunsa na farko: firiza ta mutu a can a ƙarshen mako, ranar Litinin ya ga wata mata zaune a kan matakala tana kuka, daga baya Joop ya yi kwanaki yana huda bango yana zage-zage. A lokacin bai tambaya ba, sabon ma'aikaci ne, nasa ɗaukar tsani.

Ya mayar da wayar wuta, ya jona allo, ya danna maɓalli.

"Kai, kai! Me kake yi?"

"Dubawa zan yi."

Zalɓe ta yi tari, ta yi gurnani, ta ɗauki lokacinta. Can sai layuka suka bayyana a allon: sunayen firiza, kowace da awon sanyinta a gefe, a ƙasa kuma lambar wayar ɗakin masu gadi. Aikinta ke nan. Tana sa ido a kan firizojin da ake adana jinin marasa lafiya na shekara da shekaru, wanda malamai da ɗalibai suke bincike a kai. In ɗaya ta fara ɗumi, sai ta kira mai gadi. Ba ta magana sai an samu matsala. Shirunta a kashe da shirunta a kunne duk ɗaya ne a kunnen mutane, shi ya sa babu wanda ya yi ihu.

Hidde ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya je ya tura ƙofa ta rufu.

"Duk lafiya lau suke," ya ce. "Ka gani? Babu wadda ta yi ɗumi."

"Sa'a ce."

"To, sa'a. Saurara mini, dattijo. Ƙa'ida ta ce wata guda, an yi wata guda. Ba wanda ya ce uffan. Kashe ta, mu hau sama mu ci kek, Annemiek ta sa hannu. Ranar Litinin kana kan sabuwar kujerarka, sai ka kira mutanen jini ka ce su nemi abin da zai riƙa yi musu gadi. Matsalarsu ce, ba taka ba."

"In wata firiza ta mutu gobe fa?"

"In rufin nan ya faɗo mana yanzu fa? Haba!" Hidde ya shafa fuska. "Ka san abin da zai faru in ka bar ta a kunne. Wayar nan a bango take, ba za a iya kai ta bayan gari ba. Ɗakin ba zai rufu ba. Kuma ban da kai wa ya iya yaren wannan tsohuwa? Ni ranar da aka saye ta ina makarantar firamare."

"Na sani."

"Ni Annemiek za ta ba kujerar."

"Na san wannan ma."

"Kada ka ɗauka ba na so. Ina so, ga yara biyu, ga gidan da rufinsa ke yoyo. Amma ba ta haka ba. Kai ka nuna mini inda banɗaki yake a ginin nan, yanzu in dawo ina ba ka umarni?"

"Umarninka zan riƙa ji ne? Na Annemiek ma sai na ga dama."

Hidde ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wessel ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya kaɗe ƙurar wandonsa. Ya tsaya yana kallon maɓallin. Ba waliyyi ba ne, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Ya ga tagar ofishin hawa na uku a idonsa, ya ga fuskar Sietske. Yatsa ɗaya ya isa, kuma babu mahaluƙin da zai tuhume shi, tun da ƙa'ida tana bayansa. Ya sa hannu ya ɗauki kofin kofinsa da ya huce, ya fita ya bar Zalɓe tana gurnani.

A sama an jera faranti, wani ya zana tsuntsu mai dogon wuya a jikin farin allo, ya yi masa kabari. Aka fara tafi da ya shigo. Annemiek ta dubi fuskarsa, ta ajiye wuƙar yanka kek.

"Ku ci gaba," ta ce wa sauran. "Wessel, zo."

Ta rufe ƙofar ofishinta, ta saurare shi har ya gama. Mace ce mai ƙoƙari, sai dai taro ya cinye ta. Ƙasan idanunta ya yi baƙi.

"Tana kunne yanzu?"

"Tana kunne."

"Kafin ka zo ka gaya mini."

"E."

Ta zauna, ta cire tabarau ta murza ido. "Ka san yadda sabuwar na'urar gadi za ta zo? Sai sashen jini sun nema, sai kwamiti ya zauna, sai an kira 'yan kwangila. Shekara, in an yi sauri. Duk tsawon lokacin ɗakin yana buɗe, kai kana ciki. Kujerar kuwa ba za ta jira ba, in ban tura suna yau ba za su janye ta gaba ɗaya. Sai da na yi faɗa kafin a ba mu ita."

"Ban ce ki jira ba."

"Wessel, wata guda tana kashe, babu abin da ya faru. Asabar da Lahadi ne za su gagare ka? Da Litinin ka zo mini da wannan magana, da kana sama, da ni zan nemo wanda zai sha wahalar."

"Wata gudan nan ban sani ba. Yanzu na sani."

Ta dube shi kamar mai neman inda za ta kama shi da gardama ta rasa. A waje an fara yayyafi, ɗalibai suna tura kekuna da gudu.

"Kai dai taurin kanka ba ya tsufa," ta ce. "Zan sa a rubuta maka takardar yabo."

"Ina da guda huɗu a gida. Sietske a ƙarƙashin tukunyar fure take sa su."

"In ɗakin ya rufu, zan sake nema maka."

"Kin san shekaruna."

Ta sani. Ta jawo kwamfutarta, shi kuma ya buɗe ƙofa. Hidde yana tsaye a lungu da faranti a hannu, bai taɓa kek ɗin ba. Wessel ya dafa kafaɗarsa.

"Shiga, ana nemanka. Ka goge bakinka, ka sa rigarka cikin wando. Shugaba ba ya yawo haka."

Ya ciro waya zai kira Sietske, ya mayar da ita aljihu. Wannan magana ba ta waya ba ce. Ya ɗaga kwalar rigarsa, ya ratsa farfajiya cikin ruwa zuwa ginin masu binciken jini, don ya kamata su san abin da ke gadinsu, su kuma fara neman madadinsa tun yau.

Mai kula da ɗakin binciken, Dakta Marjolein Brandsma, tana tsaye a gaban na'urar buga takardu tana dukan gefenta da tafin hannu. Ya gabatar da kansa, ya yi mata bayani a taƙaice: akwai na'urar da ke sa ido a kan firizojinsu, an kashe ta wata guda bisa kuskure, yanzu an kunna.

"An kashe?" Ta waiga ta dubi firizojin da ke jere a bayan gilashi suna huci a hankali. "Mu dai ba mu ga komai ba."

"Ba za ku gani ba, Dakta, sai ranar da..."

"Amma yanzu tana aiki?"

"Tana aiki. Sai dai ta tsufa, dole ku nemi sabuwa."

"To, madalla, ka turo mini saƙo, zan kai wa kwamiti bayan hutu." Ta dube shi sama da ƙasa, ruwa yana ɗiga daga girarsa. "Ku mutanen kwamfuta ne, ko? Allah ya kawo ka. Tun safe abin nan ya haɗiye mini takarda, na kira ofishinku an ce wai kuna biki."

Wessel ya buɗe baki zai ce wannan ba aikinsa ba ne, akwai masu yi, ga lambarsu a manne a jikin na'urar. Sai ya ga bayanin ya fi gyaran tsawo. Ya cire rigar ruwansa ya rataye a bayan kujera, ya dafa tebur, ya durƙusa a hankali, ya buɗe murfin ƙasa.

"Yauwa," ta ce, tana duba agogo, ko sunansa ba ta riƙe ba. "Ka yi sauri don Allah, Wouter, ina da taro."