Abin Da Aka Yi wa Rumaisa

Barira ta haifi 'ya mace ana tsakiyar cirar gyaɗa, a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Tun da ciki ta gaya wa mijinta Sama'ilu cewa in mace ce, askar wanzami ba za ta taɓa ta ba. Ita an cire mata angurya tana jaririya. A haihuwar fari kuma aka yi mata yankan gishiri, ɗan bai zo da rai ba, har yau in ta yi doguwar tafiya sai ta jiƙa zani. Sama'ilu ya ce ya ji.

Yayanta Malam Kamaruddeen shi ke jan salla a masallacin unguwar. Da ta kai masa kuka, ya tsaya bayan la'asar ya ce wannan yanka ba wajibi ba ne, kuma addini ya hana cutar da jikin da Allah ya ba mutum amana. Dattawa suka ce mutanen asibiti sun juya masa kai, ya zo da sabon addini. Aka ba wani limanci, iyaye suka janye yaransu daga makarantarsa.

Surukarta Inna Safara'u ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce kawai macen da ba a yi wa ba ba ta da tsarki, ba ta zaman aure.

Kafin suna, wata safiya Barira tana bayan ɗaki tana wankan jego, ta ji kukan da ba na yunwa ba. Ta fito da ɗaurin ƙirji, ruwa na zuba a jikinta. Inna na riƙe da jaririyar, wanzami yana mayar da aska cikin zabira. Sama'ilu ya tafi gona tun da sassafe, abin da bai saba ba.

"Inna, me ta yi muku?"

"Gata muka yi mata. Je ki gama wankanki."

Jini ya ƙi tsayawa. Da azahar aka ɗauke su a babur zuwa asibiti. Nas ɗin da ta karɓe su ta ce a kai ƙara, za ta ba da shaida. Sama'ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwata zan kai wa 'yan sanda?"

Yarinyar ta rayu, aka sa mata Rumaisa. Ran suna mata suka yi ta yaba wa Inna, wai da ba a cire anguryar ba da ta kashe yarinyar. Malam Kamaruddeen ya kwashe iyalinsa ya koma birni, unguwar Bacirawa, yana koyarwa a makarantar wani.

Bayan arba'in, Aina'u maƙwabciyar Barira, da tsohon ciki, ta same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta zauna, ta rage murya, ta tambaye ta yadda za ta yi in ta haifi mace. Barira ta daɗe tana kallon Rumaisa a cinyarta. Ta ce ba ta sani ba.