Kwanar Jirgin Baba Modu

Halimatus Sa'adiya ta ɗaga dogon kan jirgin daga cikin kwali, ta juya shi tana duba ƙasansa. Ƙarfe ne, ba roba ba, kore da ratsin ɗorawa, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Har ƙananan fitilu yake da su a goshi.

"Wannan zan ɗauka," in ji ta.

Safiyanu, ɗan ƙanin mahaifinta, ya ture wata tsohuwar rediyo gefe ya jingina da teburin. Rumfarsa ta kayan gwanjo ce a kasuwar Haɗeja, kuma a cikin wani kwali da ya saro daga Kano ya tsinci waɗannan ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da wuta.

"Ba zai yi miki ba, Sa'a. Ɗauki wancan." Ya nuna wani ɗan gajeren kai baƙi mai ƙafa huɗu, da gajerun taragun kaya. "Dogon nan ƙafafunsa sun yi yawa. A miƙaƙƙen layi lafiya lau yake tafiya. Amma kwanar da kika haɗa a ɗakin Baffa ta matse. Gabansa zai shiga kwana, bayansa yana nan a miƙe, sai ya sauka. Dogayen taragun ma haka."

Ta ajiye jirgin a hankali.

"Yaushe ka ga kwanar, Yaya Safiyanu?"

"Shekaranjiya na leƙa gaishe shi. Kina asibiti wajen aiki."

Ba wanda ya gaya mata.

Mahaifinta, Malam Modu, ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgi tsakanin Kano da Nguru, yana ratsa Malam Madori, har ya yi ritaya. Damina ta bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙwace masa sai kalma ɗai-ɗai. Tun daga nan 'yan uwan da ba a gani sai da salla suka fara sintiri da goro da lemo, kuma kowace gaisuwa sai ta ƙare a kan gonarsa ta fadama da ke bakin kogi. Akwai wanda ya kai baƙo har gonar ya zagaya da shi, ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ranar da ta ji haka ta mayar da mahaifinta ɗakin ciki, kusa da nata, ta ce wa Gwaggo 'Yar'azumi, ƙanwarsa da ke jinyarsa da rana, kada a riƙa shigo da mutane. A ɗan filin da ya rage tsakanin gado da bango ta sa kafinta ya yanka katako, ta shimfiɗa masa layin dogo na wasa, don ta lura ba abin da yake tsayar da idonsa kamar jirgi. Ɗan kan jirgin roba da ya zo da layin ya mutu tun watan jiya.

"Irin wannan dogon ya tuƙa," ta ce. "Wancan ƙaramin ai na jan kaya ne a cikin tasha."

"Na sani. In shi kike so, sai an faɗaɗa katakon. Ina da layin kwana mai faɗi a nan. Sai dai ɗakin ba zai ɗauka ba." Ya ɗago layin ya nuna mata. "Zaure zai ɗauka."

Ta dube shi sosai. Zaure, inda kowa zai yi sallama ya faɗo. Ta tuna cewa bana Safiyanu ya sayi injin ban ruwa, yana ta neman inda zai yi noman rani.

"Baba yana nan inda yake."

"To."

Ya naɗe mata dogon da taragunsa na fasinja a tsohuwar jarida. Da ta juya tana gyara mayafi, ta gan shi ya cusa gajeren da taragunsa a cikin ledar.

"Ban ce ina so ba."

"Tafi da shi. In dogon ya yi, ki dawo min da wannan."

A cikin adaidaita sahu ta rungume ledar a cinya tana juya maganar. Mutum ba ya hana kansa ciniki haka kawai. Ko dai wani ya riga ya yi masa maganar dogon, ko kuma zauren ne ainihin abin da ya kawo duk zancen. Suka wuce masu shanyar shinkafa a bakin titi, ba ta ko gan su ba.

Ta tarar da Gwaggo 'Yar'azumi a tsakar gida tana gyaran kifi.

"Gwaggo, ashe Yaya Safiyanu ya zo shekaranjiya?"

"Ya zo. Ɗan ɗan'uwana ne, in kore shi?"

"Me ya ce wa Baba?"

"Hira ya yi masa. Ya ce ruwa ya janye a wajen Miga, mutane sun fara dashe."

"Ya yi maganar gona ke nan."

Gwaggo ta ɗauraye wuƙa a kwano. "Sa'a, wa kika sani a garin nan da ba maganar gona yake ba?"

Ɗakin ciki yana da duhu ko da rana, sai ta kunna fitila. Malam Modu yana jingine da matashi, hularsa ta karkace. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gyara masa hular, sannan ta warware jaridar. Da ya ga koren kan jirgin, sai ya miƙo hannun hagu. Ya shafa rufinsa da babban yatsa, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi.

Ta ɗora shi a layi, ta sarƙa taragun, ta jona wayar da batirin sola, ta murɗa maɓallin kaɗan. Fitilun suka kama. Jirgin ya taso da wani ɗan gurnani, ya bi gefen gado a natse. Da ya isa kwanar da ke jikin bango, ƙafafun gaba suka hau kan ƙarfen, ya karkace, ya kwanta. Taragon farko ya bi shi.

Ta kashe wuta. Ta sunkuya da fitilar wayarta tana bin layin da yatsa, tana neman inda aka lanƙwasa ko aka sassauta. Safiyanu ya zauna a nan shekaranjiya, hannunsa yana kaiwa. Ta duba kowane mahaɗi. Ƙusoshin suna nan yadda kafinta ya buga su, har ƙurar da ke kansu ba a taɓa ba.

Ta sake gwadawa a hankali ƙwarai. Ya sauka a wuri ɗaya. Ta cire taragun ta bar kan shi kaɗai, ta juya shi ya fuskanci ɗaya ɓangaren. Ya sauka a ɗaya kwanar. Ta tura tarago guda da hannu, ta ga yadda cikinsa yake yanke kwanar, gindinsa yana leƙawa waje har yana gogar bango.

Ta daɗe a durƙushe kafin ta jawo ledar ta fito da gajeren. Ya zagaye katakon ba ko tangarɗa, gajerun taragunsa suna bin sa ƙyas-ƙyas, ya dawo, ya sake zagayawa.

"Ka gani, Baba? Wannan ya yi."

Malam Modu ya bi shi da ido zagaye biyu, sannan ya kau da kai. Ya lalubo dogon a kan shimfiɗa ya ɗora a ƙirjinsa. Ya ɗaga haɓa wajen ƙofa.

"Ruwa kake so?"

Ya girgiza kai. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Zau… re."

Ta matso kusa da shi. "Yaya Safiyanu ne ya ce maka haka?"

Ya dube ta da irin kallon da yake mata tana yarinya in ta yi tambayar da bai so ba. Ya buga katifa da tafin hannu.

"Ba Safiyanu ba ne," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, tana goge hannu da zani. "Babanki ya daɗe yana faɗa. Duk ranar da Malam Gwadabe, abokin aikinsa na tasha, ya yi sallama na ce masa yana barci, yana jin muryarsa daga nan. Sai ya wuni bai ci abinci ba."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na fara, kika ce min duk bakinsu ɗaya."

Gajeren jirgin yana ta zagaye. Halimatus Sa'adiya ta miƙa hannu ta kashe shi. Ta dubi bangon da ke dab da gadon, da 'yar tagar da ba ta kallon komai sai bayan ɗakin girki. Mahaifinta bai saki dogon ba.

Ta fita tsakar gida ta kira Safiyanu.

"Dogon ya sauka," ta ce.

"Ayya."

"Ka kawo layin nan mai faɗi gobe, ka taho da kafinta. Bayan la'asar, lokacin na taso daga aiki. Kada ka riga ni."

"In sha Allahu." Ta ji hayaniyar kasuwa a bayansa. "Dama akwai wata magana da nake so mu yi, Sa'a."

"Ta mece ce?"

"Bari sai na zo."

Ta tsaya da wayar a hannu har hasken fuskar wayar ya mutu. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta shiga zaure. Ta fitar da tsohon keke da buhunan da aka jibge, ta share, ta yayyafa ruwa. Wurin ya fi yadda take tunawa faɗi, iska tana shigowa daga titi. Ta auna bangon gabas da taku, ya isa katakon har da saura.

Wurin gadon ne ya ɗauke ta lokaci. Ta tsaya a nan, ta matsa can, ta koma tsakar gida ta leƙo, ta dawo. A ƙarshe ta ja layi da ƙafa a ƙasa, daidai inda za ta iya hango mahaifinta daga tagar ɗakinta, shi da duk wanda ya zauna kusa da shi.