Kwalba Ta Bakwai

Abdulwahidu ya jera kwalabe goma sha biyu a teburin cin abinci, domin tun da aka kulle gari saboda korona, ɗakinsu na unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda yake karatu, ya zama jami'a, masallaci da kuma gidan yari.

Digirinsa na uku a kan ruwan ƙasa ne. Kamfanin da ya ɗauki nauyin karatunsa ya yi shekara yana danna ruwa da yashi da sinadarai cikin ƙasa kusa da ƙauyensu, har dutse ya tsage gas ya fito. Aikin Abdulwahidu shi ne ya tabbatar ko dafin sinadaran ya kai rijiyoyin ƙauyen. Da aka hana jirage tashi, kamfanin ya nuna halin kirki: shi ya ɗebo ruwan, shi ya aiko. Da ƙyar Abdulwahidu ya samu izinin shiga ɗakin gwaji, sakamako ya fito tas. Saura sa hannu.

"Rijiya sha biyu, dukkansu lamba ɗaya?" in ji matarsa Sauda, wadda ita ma 'yar ƙauyen ce. "Ko 'yan uwa ciki ɗaya ba sa kama haka."

"Na'ura ba ta ƙarya."

"Ai ban ce na'ura ba, Baban Hadiyya."

Ta ɗauki kwalba ta bakwai, mai sunan gidan mahaifiyarsa, ta kurɓa.

"Rijiyar Inna kanwa-kanwa take. Shekara biyu ina wanki da ita, sabulu ba ya kumfa. Wannan ko a kanti sai a sayar."

Wayarsa ta yi ƙara. Injiniya Maitama ne na kamfanin, wanda ya fara kiransa Dokta tun kafin jami'a ta yarda.

"Dokta, rahoton nan kawai gwamnati ke jira mu ƙara haƙa ramukan gas shida. Ka san sabunta tallafinka ma yana teburina. Ba haɗa su nake ba, teburin ne ɗaya."

Bayan la'asar, lokacin da hantsi ya yi a gida, ya kira Inna.

"Inna, an zo an ɗebi ruwa a rijiyarki?"

"Wace rijiya? Ai tun azumi muka rufe ta, awaki ma sun ƙi sha. Wari take kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Amma mutanen nan, Allah ya saka musu, tankar ruwa suke kawo mana duk Talata. A nan yaransu suka cika kwalabenku, na ma taya su wankewa."

Ya dubi kwalba ta bakwai.

"Sun ce kai za ka duba mana," ta ce. "Na gaya wa mai unguwa, to shi ke nan, kowa ya kwantar da hankalinsa."

Ya buɗe rahoton. A gurbin sakamako ya goge shafi huɗu, ya rubuta layi ɗaya: an gwada ruwan tankar kamfani, kuma lafiyarsa ƙalau. Sannan ya sa hannu, ya tambayi Sauda ko akwai sauran shinkafa da za ta kai su ƙarshen shekara.